Faroyanci da Sinanci: Abin da Harshe Yake Tilasta wa Mai Fassara

A arewacin Tekun Atlantika, tsakanin ƙasashen Aisland da Norwe da Sikotland, akwai wasu tsibirai 18 da ake kira Tsibiran Faro. Mazaunansu kimanin mutum 54,000 ne, babban birninsu kuwa shi ne Tórshavn. Suna ƙarƙashin masarautar Denmak, amma tun 1948 suke gudanar da mulkin cikin gidansu. Harshensu, wanda su da kansu suke kira føroyskt, shi ne za a kira Faroyanci a wannan maƙala. Ko da an haɗa da waɗanda suke zaune a Denmak, masu magana da shi ba su kai 100,000 ba. Sinanci kuwa, idan an ɗauki karin Mandarin kaɗai, harshen uwa ne ga mutum fiye da miliyan 900.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Amsar ita ce kifin ne da kansa. Kifi shi ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na kayan da tsibiran suke fitarwa waje. Bayan da kwamitin Nobel na Norwe ya ba Liu Xiaobo kyautar zaman lafiya a 2010, dangantaka ta yi tsami tsakanin Sin da Norwe har zuwa 2016, sai kifin salmon na Faro ya sami ƙarin kasuwa a Sin. Ciniki kuwa yana tafe da takardu: yarjejeniya, takardar shaidar lafiyar abinci, rubutun jikin kwali, wasiƙu. Dole wani ya fassara su. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba inda harsunan biyu suka saɓa, da kuma abin da yake salwanta sa'ad da fassara ta bi ta wani harshe na uku, kamar yadda ta saba bi.

Asali da rubutu

Faroyanci ya tsiro ne daga tsohon harshen mutanen Norwe da suka zauna a tsibiran wajen ƙarni na 9, don haka ɗan'uwan harshen Aisland ne na kusa, kuma dangin Ingilishi da Jamusanci ne na nesa. Akwai wata takardar doka ta 1298 game da kiwon tumaki wadda ake gani alamun harshen a cikinta. Amma bayan sauyin addini na ƙarni na 16, harshen Denmak ya mamaye coci da makaranta da kotu, Faroyanci ya yi kusan shekara 300 ba a rubuta shi. Abin da ya riƙe shi shi ne baka, musamman dogayen waƙoƙin da ake kira kvæði, waɗanda ake rerawa ana riƙe da hannun juna ana taka rawa a da'ira. A 1846 ne wani malamin coci, V. U. Hammershaimb, ya tsara ƙa'idojin rubutun da ake bi har yanzu. Sai a 1938 aka daidaita matsayin harshen da na Denmak a makarantu.

Hammershaimb ya gina rubutunsa ne bisa asalin kalmomi, ya bar furucin zamaninsa gefe. Saboda haka harafin ð, wanda yake ko'ina a rubutu, ba shi da wani sauti nasa na kansa: kalmar maður, watau mutum namiji, ana furta ta kusan kamar "meavur". Wani masanin harshe, Jakob Jakobsen, ya nemi a koma rubutun da ya bi furuci, amma ra'ayinsa bai yi rinjaye ba. Hikimar tsarin Hammershaimb ita ce, tsibiran suna da kare-karen harshe da suka bambanta a furucin wasula, rubutun da bai bi furucin kowa ba kuwa bai fifita kowa ba.

A nan akwai kama tsakaninsa da Sinanci, duk da nisan da ke tsakaninsu. Rubutun Sinanci, wanda mafi daɗewar shaidarsa ita ce zane-zanen da aka samu a jikin ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru na daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, ba haruffan baƙi da wasali yake amfani da su ba. Kowace alama tana wakiltar gaɓa ɗaya mai ma'ana. Mutumin Beijin da mutumin Guangzhou ba sa fahimtar maganar juna idan kowa ya yi karin garinsu, amma suna karanta jarida ɗaya. Bambancin yana wajen nauyin koyo: Faroyanci haruffa 29 gare shi, jadawalin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 kuwa yana da alamomi 8,105, waɗanda 3,500 daga cikinsu su ne na yau da kullum. Tsarin pinyin na 1958, wanda da shi aka rubuta misalan Sinanci a nan, taimako ne ga mai koyo da mai buga rubutu a na'ura, bai maye gurbin alamomin ba.

Batun karin sauti ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda yake rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya ta hanyar hawa da saukar murya. Mandarin yana da kari huɗu: mā uwa, má wata irin rama, mǎ doki, mà zagi. Faroyanci ba ya rarrabe kalmomi ta wannan hanya. Sai dai wannan bambanci, da yake shi ne mutane suke fara ambata, bai cika damun mai fassarar rubutu ba. Tafinta ne yake fama da shi.

Abin da dole a faɗa

Roman Jakobson ya nuna a 1959 cewa ainihin bambancin harsuna yana ga abin da kowane harshe yake tilasta wa mai magana ya bayyana, domin kuwa abin da mai magana ya ga dama ya faɗa, kowane harshe yana da hanyar faɗarsa. Da wuya a sami harsuna biyu da suka fi waɗannan fito da gaskiyar wannan magana.

Suna a Faroyanci yana da jinsi uku: namiji, tamata, da na uku wanda ba namiji ba tamata ba. Yana kuma sauya ƙeyarsa bisa ga aikin da yake yi a jimla. Kalmar jirgin ruwa bátur ce idan shi ne aikau, bát idan karɓau ne, báti idan bayan wasu kalmomi ya zo ko kuwa shi aka yi wa abu. Jam'insa bátar. Madanganci ma a ƙeya ake liƙa shi, kamar dai yadda Hausa take cewa jirgin ko motar: báturin, bátin, bátinum, bátarnir. Akwai siga ta huɗu, ta mallaka, amma ta ja baya ƙwarai a maganar baka. Sifa tana bin sunan da take siffantawa: stórur bátur babban jirgi, stór bók babban littafi, stórt hús babban gida. Har ƙidaya daga ɗaya zuwa uku tana bin jinsi, biyu tana iya zama tveir ko tvær ko tvey.

Sinanci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kalmar chuán jirgi ce, jiragen ce, jirgin ce, ba ta sauya kama. Aikatau ma haka yake, ba ya ɗaukar ɗafin lokaci ko na mai aikatawa. Tsarin kalmomi ne yake nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa: gǒu yǎo rén kare ya ciji mutum, rén yǎo gǒu mutum ya ciji kare. Akwai 'yan ƙananan kalmomi irin su le da guo da zhe, waɗanda suke nuna ko aiki ya kammala, ko an taɓa yin sa, ko yana nan a kan yanayinsa. A wannan fanni Sinanci ya fi kusa da Hausa, wadda "ya tafi" da "yana tafiya" nata suka fi kula da kammaluwar aiki fiye da lokacin agogo.

Ga misali ɗaya da ya ishi bayani. Basine zai ce zuótiān mǎi chuán de rén, kalma bayan kalma: jiya, saya, jirgi, mahaɗi, mutum. Mai mayar da wannan Faroyanci zai iya rubuta maðurin, sum keypti bátin í gjár, watau mutumin da ya sayi jirgin jiya. Amma kafin ya kai ga haka ya yanke hukunci huɗu da asalin jimlar ba ta yanke ba: cewa mai sayen namiji ne, cewa shi kaɗai ne, cewa jirgin guda ne, kuma cewa sananne ne ga mai sauraro. In ya yi kuskure a ɗaya, babu abin da zai nuna wa mai karatu, domin jimlar za ta fito lafiya lau. Ya kuma juya tsarin gaba ɗaya, saboda Sinanci yana tara dukkan bayani a gaban suna, Faroyanci kuwa, kamar Hausa, yana jero shi a bayansa. A takardar yarjejeniya, inda bayani ɗaya kan yi layi uku, wannan juyi shi ne rabin aikin.

Matsalar jinsi ta fi tsanani a ƙagaggen labari da waƙa. Bafaroye namiji mai farin ciki zai ce eg eri glaður, mace kuwa eg eri glað. Ba yadda za a yi mai magana ya ɓoye jinsinsa a irin wannan jimla. Wǒ hěn gāoxìng ta Sinanci ba ta tona komai. Marubucin da ya so ya bar mai karatu cikin duhu game da ko mai ba da labari mace ce ko namiji zai iya yin haka shafi bayan shafi a Sinanci, mai fassara kuwa sai ya yi ta kewaye-kewaye ko ya fasa ƙwai tun a shafin farko. Haka wakilin suna "su": Faroyanci yana da teir na maza, tær na mata, tey na gauraye. Sinanci na baka tā ɗaya gare shi ga shi da ita. Alamar rubutu ta musamman ga mace ba ta bazu ba sai wajen 1920, ta hannun marubuci Liu Bannong, kuma buƙatar fassara littattafan Turai tana cikin abin da ya haifar da ita. Tsofaffin waƙoƙin Sin ma sau da yawa ba sa ambaton mai aikatawa sam.

Kada a ɗauka cewa Sinanci ne kullum mai sassauci. Shi ma yana da nasa tilas. Ba a ƙidaya abu sai an sa wata kalmar awo tsakanin lamba da suna, kuma kalmar tana bin siffar abin: běn ga littafi, tiáo ga abu mai tsawo kamar kifi ko kogi, zhī ga dabbobi da yawa, zhāng ga abu mai faɗi kamar takarda. Mafi nauyi daga wannan shi ne sunayen dangi. Faroyanci yana da bróðir da systir, ba ruwansa da wa ya girmi wa. Sinanci, kamar Hausa mai wa da ƙane da ya da ƙanwa, dole ya zaɓa tsakanin gēge da dìdi, ko jiějie da mèimei. Kaka namiji abbi ne a Faroyanci, kaka mace omma, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Basine sai ya san ɓangaren: yéye da nǎinai na wajen uba, wàigōng da wàipó na wajen uwa. Mai fassara labarin Faro zuwa Sinanci yakan karanta littafin duka yana neman inda marubuci ya yi suɓul da baka ya faɗi wane ne babba cikin 'yan'uwa biyu. In bai samu ba, sai ya ƙaga.

Ƙirƙirar kalmomi

Akwai fagen da harsunan biyu suka yi tarayya, watau ƙin aron kalma da sautinta. Masu kishin Faroyanci, don gudun kada harshen Denmak ya haɗiye nasu, sun bi sawun mutanen Aisland wajen ƙera sababbin kalmomi daga tsofaffin saiwoyi. Rediyo útvarp ce, watau jefawa waje, talabijin sjónvarp, jefa gani. Kwamfuta telda ce, daga saiwar ƙidaya, kuma Jóhan Hendrik Winther Poulsen ne ya ƙirƙire ta, wanda ya jagoranci ƙamus na farko na Faroyanci zalla da ya fito a 1998. Sinanci ma fassara ma'ana ya fi so: diànnǎo ƙwaƙwalwar lantarki ita ce kwamfuta, diànhuà maganar lantarki tarho, huǒchē keken wuta jirgin ƙasa. Dalilinsa dai daban ne. Kowace alamar rubutu tana ɗauke da ma'anarta, don haka kalmar da aka aro da sauti takan fito doguwa, alamominta kuma suna faɗin abin da ba a nufa ba.

Amma ƙirƙirar Faro tana da tarko. Da yawa daga cikin kalmomin da aka ƙera sun zauna a rubutu, alhali a baka mutane suna amfani da na aro daga Denmak. Marubuci zai iya nuna matsayin ɗan wasansa ta wajen wadda ya sa masa a baki, abin da ba shi da takwara kai tsaye a Sinanci. Ƙidaya ma biyu ce. Hamsin tana iya zama fimmti, bisa goma-goma, ko hálvtrýss, bisa tsarin ashirin-ashirin irin na Denmak, wanda ma'anarsa ashirin biyu da rabi, kuma a wannan tsari ana fara faɗin ɗaiɗaiku kafin gomomi. Sinanci kuwa yana ɗaure manyan lambobi da wàn, watau 10,000, da yì, miliyan 100, ta yadda 54,000 za ta zama wàn biyar da dubu huɗu. Tafintan da yake tsaye tsakanin mai sayar da kifi da mai saye lissafi yake yi a ka, sifiri ɗaya kuwa ba ƙaramar asara ba ce.

Sunaye sai an rubuta su da sauti. Gaɓar Mandarin ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe, kuma ba ta ƙarewa da baƙi sai n ko ng ko wani lokaci r, don haka ake cusa wasula kamar yadda Hausa ta yi ta sami burodi. Sunan tsibiran ya zama Fǎluó. Na babban birnin ya fi ban sha'awa: Tuō'ěrsī Gǎng, inda aka kwaikwayi sautin rabin farko, aka fassara rabin ƙarshe, domin havn da gǎng duka tashar jiragen ruwa suke nufi. Abin da ya ɓace shi ne Tór, sunan abin bautar tsawa na mutanen arewa na dā, wanda duk Bafaroye yake ji a cikin sunan.

Sai kuma kalmomin da suka tsiro daga ƙasar kanta. Akasarin masana suna ganin Føroyar tana nufin tsibiran tumaki, tumakin kuwa sun fi mutane yawa. Kalmar yáng ta Sinanci ta haɗa tunkiya da akuya, sai an ƙara mata wata gaɓa kafin a rarrabe. Skerpikjøt naman tunkiya ne da ake ratayewa watanni a wata rumfar katako mai ramuka, hjallur, iskar teku tana busar da shi ba tare da gishiri ba. Sin tana da nata busasshen nama, làròu, amma na alade ne galibi kuma da gishiri ake yin sa. Wanda ya sa wannan a madadin wancan ya yi daidai da wanda ya kira kilishi tsire don dai duka nama ne.

Gada ta harshe na uku

Masu iya harsunan nan biyu sosai 'yan ƙalilan ne, saboda haka fassara takan bi ta Ingilishi ko harshen Denmak. Wannan ba sabon abu ba ne ga kowane ɓangare. Cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Faroyanci, na Victor Danielsen a 1949, daga fassarorin wasu harsunan Turai aka ɗauko shi, sai na 1961, aikin Jákup Dahl da Kristian Osvald Viderø, shi ne ya koma ga harsunan asali. A Sin kuwa Lin Shu, wanda bai san kowane harshen waje ba, ya fitar da littattafan Turai fiye da 150 a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, abokan aikinsa suna fassara masa da baki yana rubutawa. Lu Xun ya karanta adabin ƙananan al'ummun Turai ta Jamusanci da Japananci, ya kuma kare wannan hanya da hujjar cewa in ba ita ba, Sin ba za ta san adabinsu ba sam.

Hujjar tana da ƙarfi, amma gada tana karɓar kuɗin fito. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, Ingilishi yana share wasu bambance-bambance da Faroyanci da Sinanci duka suke da su. Faroyanci yana rarrabe tú, kai ko ke, da tit, ku, yana kuma da tygum na girmamawa, ko da yake amfani da shi ya ragu. Sinanci yana da nǐ da nǐmen da nín, daidai wa daida. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga ukun. Faroyanci yana rarrabe pápabeiggi da mammubeiggi, watau baffa da kawu, da fastir da mostir, gwaggo da inna, Sinanci ma haka, har ya ƙara da rarrabe wan uba da ƙanen uba. Ingilishi ya dunƙule su biyu-biyu. Sakamakon haka shi ne, mai fassara na biyu yana zaune yana cankar abin da marubucin asali ya riga ya faɗa ƙarara. Harshen Denmak yana riƙe da waɗannan bambance-bambance, kusan kowane Bafaroye ya koye shi a makaranta, ana kuma koyar da shi a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijin. Bisa wannan, shi ne gadar da ta fi dacewa, duk da cewa Ingilishi ya fi sauƙin samun ma'aikata. Shi ma ba a rasa shi da ramuka. Niðan a Faroyanci hawa sama take nufi, oman kuma gangarowa, amma wanda kunnensa ya saba da harshen Denmak zai ji su a juye.

Wani abin da yake rikita lissafi shi ne, marubutan Faro da suka fi shahara a waje, William Heinesen da Jørgen-Frantz Jacobsen mai littafin Barbara na 1939, da harshen Denmak suka yi rubutu. Fassara su ba fassara daga Faroyanci ba ce. Wanda yake son jin harshen kansa sai ya nemi irin su Heðin Brú, wanda littafinsa Feðgar á ferð na 1940 bai fito da Ingilishi ba sai 1970.

Na'ura ba ta kawar da gadar ba. A 2017 hukumar yawon buɗe ido ta tsibiran ta buɗe wani shafi inda 'yan sa kai suke fassara wa baƙi jimloli ta bidiyo, don jawo hankalin Google, wanda bai sa Faroyanci cikin manhajarsa ta fassara ba sai 2024. Irin waɗannan manhajoji daga tarin rubutun da mutane suka riga suka fassara suke koyo, kuma abin da ake da shi na Faroyanci galibinsa da Ingilishi ko harshen Denmak aka jera shi. Idan aka ba na'ura jimlar Sinanci marar jinsi, za ta zaɓi glaður ko glað bisa wanda ta fi gani, ba za ta kuma sanar da kowa cewa zaɓa ta yi ba.

Yan Fu, a gabatarwar fassararsa ta littafin Thomas Huxley a 1898, ya ambaci wahalhalu uku na fassara: amana, isar da ma'ana, da kyawun lafazi. Tsakanin Faroyanci da Sinanci ta farkon ce ta fi wuya, domin amanar da ake nema ta haɗa har da abin da marubuci ya yi shiru a kansa. A takardun ciniki maganin yana da sauƙi, kuma ƙwararru suna bin sa: a koma ga mai takarda a tambaye shi jirgi nawa, mutum nawa, wane ɗan'uwa, sa'an nan a rubuta lambobi da alƙaluma maimakon kalmomi. A adabi kuwa, inda marubucin ya daɗe da rasuwa, mai fassara ba shi da wanda zai tambaya sai littafin.